Ranar da Na Tsayar da Inji na Huɗu

Shekaru sun tura, amma ranar da na tsayar da inji na huɗu tana nan a raina kamar jiya, ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka same ni a ɗakin haɗa sauti na gidan rediyo kuna zaton makaranta ce ta ba ni kunne. Ba ita ba ce. Wata masana'antar buga faifai ce a Tottenham, can arewacin Landan, inda na yi aiki daga ƙarshen shekarun tamanin zuwa farkon na casa'in, lokacin maigidana yana karatun likita, ni kuma zaman gida ya ishe ni.

Bari in bayyana muku aikin, tunda yawancinku ba ku taɓa riƙe faifan garmaho ba. Ana ɗora dunƙulen baƙar roba mai zafi tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka zana waƙar a jikinsu, inji ya matse, faifai ya fito. Farantin nan shi muke kira stamfa. In ƙura ta maƙale masa ko ya ɗan loɓa, duk faifan da ya biyo baya zai kwaso aibin. Shi ya sa jefi-jefi ake zaro faifai ɗaya daga kowane inji a kawo ɗakin sauraro, wani ɗan akurki mai tagar gilashi, inda nake wuni da hedifon a kunne. In na ji aibi, akwai jan maɓalli a bango, ina dannawa injin ya tsaya cak. Ƙa'idar wurin kuwa ita ce, duk wadda ta tsayar da inji sau biyu a banza za a mayar da ita teburin cusa faifai a kwali, inda ake wuni a tsaye. Daga teburin nan aka ɗauko ni, kuma ƙafafuna ba su manta ba.

Mai rubuta rahoton tsayar da inji shi ne fomanmu, Mista Len, wani dattijon Bature mai tumbi da ƙaton gashin baki. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: ya yi imani kiɗan rok ya mutu tun a shekarun saba'in, an binne shi, abin da yaran yanzu suke yi kuma fatalwarsa ce. A lokacin mutane sun fara komawa faifan sidi, aikinmu ya ragu zuwa iri biyu, wato sake buga tsofaffin faya-fayan rok, da kuma 'yan ƙananan oda daga sababbin makaɗa. In tsohon faifai ne a kan inji, Mista Len yakan riƙe shi da hannu biyu kamar jariri. In na yaran yanzu ne, da yatsa biyu yake ɗauka, yana kau da kai.

Abokiyar faɗansa ita ce Fati, 'yar zangon Kumasi ta ƙasar Gana, wadda muka yi zaman teburin kwali tare. Ita sabon kiɗan take so, kuma ba ta ɓoyewa. Kullum a hutun shayi sai sun kafa. Shi ya ce mutanen zamaninsa sun iya jita, kana jin kowace tsirkiya daban, waƙa tana da kai da gindi. Ita ta ce ai su ma da suna samari iyayensu toshe kunne suke yi, tsufa ne kawai ya kama shi bai sani ba. Shi ya ce yaran yanzu ko sunan abin da suke bugawa ba su sani ba. Ita ta ce sunan me, in dai jiki ya motsa. Daga nan su juyo kaina, wai ni ce mai kunne, in raba gardama. Ni kuwa sai in yi ta kurɓar shayina, domin gaskiyar da ban iya faɗa ba ita ce, ranar da na fara aikin, da tsohon da sabon duk ɗaya na ji su. Kunnen da ya tashi da kalangu da garaya, aka jefa shi cikin jitar lantarki, na ɗauka ana gyaran mota ne a cikin kaina. Sai da na yi watanni kafin tsofaffin waƙoƙin Mista Len su fara yi mini daɗi, har in kama kaina ina rera su ina tuƙa tuwo.

Kuskurena na farko ma a kan sabon kiɗan na yi shi. An kawo mini wani faifai, ina ɗora allura sai wani ƙara ya tashi, tsiii, kamar an taka wutsiyar mage. Ban tsaya wata-wata ba na danna maɓalli. Ashe da gangan suka yi, jitar suka kara a jikin lasifika don ta yi kuka. Aka yi ta yi mini dariya mako guda. Mista Len ya rubuta rahoto yana ba ni haƙuri, ya ce shi ma da kunnensa ne da ya tsayar, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Saura mini ɗaya ke nan.

To, ranar da nake ba ku labari wata Juma'a ce, da rana. Inji na huɗu yana buga faifan wasu sababbin makaɗa su huɗu, waɗanda za su zo da motarsu ƙarfe uku su kwashe, domin a ranar za su ƙaddamar da shi. Aka kawo mini gwaji. Fuskar farko hayaniya ce tsantsa, amma na riga na koyi darasi, na bar ta ta wuce. Na juya fuska ta biyu. A waƙa ta uku, daidai inda jita biyu suke ihu ganga tana rugugi, sai na ji wani ɗan ƙit. Can kuma ƙit. Ƙarami ne ƙwarai, a ƙarƙashin duk wannan tarzoma. Na mayar da allura baya har sau uku, yana nan.

Na zauna ina lissafi. In nasu ne, wani sabon salon hauka da ban sani ba, na danna, to Litinin ina teburin kwali. In kuma aibi ne na ƙyale, faya-fayan mutane za su fita da tabo da sa hannuna a takarda. Na leƙa na yafito Mista Len. Ko hedifon ɗin bai karɓa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, abin da aka haifa a lalace ba ya ƙara lalacewa, ko guduma aka buga a stamfan nan ba wanda zai gane. Ya ce yana ba ni shawara ne a matsayin wanda ba ya son rubuta rahoto na biyu. Yana fita Fati ta faɗo, ashe ta hango fuskata ta gilashi.

"Sista Binta, me ka ji?" Haka Hausarsu take, ka take ce mini.

Na gaya mata. Ta ce, "To ka danna mana. In sun yi sending ɗinka teburi, ai ina nan, mu tsaya tare."

Wannan ba lallashi ba ne, amma dariya ta kama ni, kuma cikin dariyar nan na yi bismilla na danna. Inji na huɗu ya yi shiru. Duk masana'antar ta juyo tana kallon akurkina.

Kamar haɗin baki, ko minti goma ba a yi ba sai ga makaɗan sun iso, gashi buzu-buzu, riguna kamar an ƙwato daga bakin kare. Da suka ji an tsayar da aikinsu, wani mai jita a cikinsu ya hau sama. Aka cusa su cikin ɗakina, aka buɗe lasifika. Ya saurara ya ce shi bai ji komai ba, duk abin da ke ciki su suka sa shi, kuma an gaya masa a nan ne ake tsayar da inji saboda kukan jita. Kunya ta rufe ni, ashe labarina ya zaga gari. Mista Len ya zaro biro daga aljihu, yana kallona da tausayi.

Abin da ya cece ni daka ne. A gidanmu a Kano, in mata uku suna lugude a turmi ɗaya, ko daga zaure kana iya gane wadda taɓaryarta ta saɓa. Na lura wannan ƙit ɗin ba ya bin kiɗan, juyawar faifan yake bi, duk zagaye ɗaya sau ɗaya. Sai na tambaya wane ne mai ganga. Wata siririyar budurwa mai jan gashi ta ɗaga hannu. Na roƙe ta ta buga kiɗanta da yatsu a kan teburi, ni kuma zan buga abin da nake ji da fensir. Aka mayar da allura. Ta fara, na fara. Bugun farko muka haɗu, na biyu na riga ta, na uku na bar ta a baya, can muka sake haɗuwa muka sake rabuwa. Ta tsaya, ta karɓi hedifon ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta dubi mai jitar.

"Wannan ba ni ba ce," in ji ta. "Ni ba na saɓa bugu."

Mista Len ya mayar da biro aljihu. Ya je da kansa ya kwance stamfan, ya ɗaga shi a hasken fitila da gilashin ƙara girma, ya daɗe yana juyawa. Ga ta nan kuwa, 'yar loɓawa da ba ta kai ƙwayar gero ba. Fati ta rangaɗa guɗa a tsakiyar masana'antar Turawa, har wani direban lori ya shigo da gudu yana zaton gobara ce. Mai gangar ta rungume ni, mai jitar ya yi ta ba ni haƙuri yana kirana Madam. Ni kuwa dariya ta ƙi tsayawa, har da hawaye.

Amma daɗin ranar yana gaba. An ɗora sabon stamfa, aka watsar da waɗanda suka ɓaci, aka buga gwaji. Ƙa'ida ta ce bayan an tsayar da inji, foman da kansa zai saurari sabon gwajin daga farko har ƙarshe kafin ya sa hannu. Mista Len ya nemi ya zille, ya ce ya yarda da kunnena. Na ce masa ƙa'ida ƙa'ida ce, kamar yadda ya taɓa gaya mini. Ya shiga akurkin kamar mai shiga ɗakin cire haƙori, ya sa hedifon, ya harɗe hannu, ya ɗaure fuska. Mu kuma muka jeru a bakin gilashi, da ni da Fati da makaɗan da masu inji.

Waƙar farko bai motsa ba. A ta biyu, Fati ta zungure ni ta nuna ƙasan teburi. Ƙafarsa ta dama ce take ɗan bugawa. Kafin a juya faifan, kansa ma ya shiga, gashin baki yana rawa. A waƙa ta uku ta fuska ta biyu, inda aka yi rigimar, sai ga yatsunsa a kan teburi suna bin gangar yarinyar nan bugu da bugu, bai saɓa ko ɗaya ba. Ya manta sarai da gilashi. Muka toshe baki muna ƙyaƙyatawa, Fati har da durƙushewa, mai gangar kuwa ta yi jajir don murna. Da ya ɗago ya gan mu, sai ya maza ya harɗe hannu. Ya fito, ya sa hannu a takarda, ya ce babu aibi. Fati ta tambaye shi, waƙar fa?

"Faifan na ce babu aibi," in ji shi. Ya yi taku biyu, ya juyo ya dubi yarinyar. "Ke dai kin iya ganga. A zamaninmu da kin samu aiki."

Daga bakin Mista Len wannan lambar girma ce, kuma yarinyar ta gane. Aka ƙarasa bugun, suka loda kayansu suka tafi kafin lokacin ƙaddamarwa, suna ta danna mana ham. Gardamar hutun shayi ba ta mutu ba, Litinin ma sai da suka kafa, yana nan a kan bakansa cewa na da sun fi. Sai dai daga ranar ban sake ganin ya ɗauki faifan yara da yatsa biyu ba. Ni kuma na riƙe kujerata har ranar da maigidana ya gama karatu muka dawo gida.

In kun tambaye ni yau wanne ya fi, tsohon ko sabon, zan ce muku ni tsofaffin nake rerawa a kicin, domin su na fara sabawa da su, kuma ina zaton dalilin Mista Len ma bai wuce wannan ba. Abin da aikin ya koya mini shi ne, wanda ya ce abu duk hayaniya ne, yawanci bai zauna ya saurara ba. Ni aibi nake nema a cikin hayaniyar nan, neman aibin ne ya tilasta mini jin tsarin da ke cikinta. Shi ya sa in ɗayanku ya kawo mini waƙar yaran yanzu yana yatsina fuska, wai ba ta kai ta da ba, ba na musu da shi. Hedifon nake miƙa masa in ce ya zauna har ƙarshe, ni kuma in koma gefe ina kallon ƙafarsa.