Buhun da Kawu Bai Gani Ba

Shekarar da tukunyar turara shinkafata ta fara yoyo, buhu uku nake da su a ɗaki, casassu. Niyyata in sayar in sayi sabuwar tukunya, don a Kura mace in ba ta da tukunya, sai ta koma yi wa wasu aikatau.

Wata ranar da hantsi ina baza shanya a tsakar gida, ƙanwar maigidana ta shigo da wayarta a hannu.

"Yaya, ki daina ƙona fuskarki a bakin murhu. Ga kasuwa a waya. Ki sayar da buhunan nan ki zuba, duk Juma'a riba tana shigowa, ba fashi."

"Me ake sayarwa a ciki?"

"Su suke juyawa. Ke dai naki karɓa."

Gaskiya raina ya biya. Na yi istihara, sannan na aika a kira min Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a dillancin shinkafa. Ya zauna a tabarma ya saurari ƙanwar maigidan nawa tsaf. Sai ya zaro ƙarfen da yake soka wa buhu don ganin ƙwaya, ya miƙa mata.

"To, 'yar boko, nuna min buhun in soka."

Ta yi dariya. "Kawu, kai ka tsufa."

"Na tsufa, amma ban taɓa yi wa kowa alkawarin riba ba. Ni nawa in haɗa mai kaya da mai saye, in ci la'adata. In an taya bai yi miki ba, ki ce albarka, a ɗora miki kayanki a amalanke ki koma gida. A taki kasuwar, wa za ta ce wa albarka?"

Wannan maganar ce ta zauna min. Na tuna sau nawa na aika da kaya suka dawo, na yi ta mita, amma dai a ɗakina suka kwana.

Ranar kasuwa Kawu ya tafi da buhunan. Farashi ya faɗi, sabuwar shinkafa ta shigo. Ya ce albarka, ya dawo da su. Mako na biyu ma bai tashi sosai ba, na ce ya sallama. Tukunyar da na samu ba ta kai wadda na so girma ba.

Ita kuwa ƙanwar tamu an biya ta sau biyu, har ta kawo wa yara tsire. Daga nan shafin kasuwar wayar ya daina buɗewa. Kuɗin tunkiyarta da ta sayar ta zuba ne suka tafi a ciki.

Ban taɓa tayar mata da zancen ba. Da kaka ta yi, sai ga ta da rabin buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, idonta a ƙasa, ta ce ko zan ara mata tukunya. Na ce ta hura wutar, ni zan ɗebo ruwa.