Sallamar Lydia Mai Daddawa

Lydia mai daddawa ta fi shekara talatin a unguwarmu, nan Tsohon Birnin Gwari. Daga Damari aka auro ta. Mijinta Japheth tela ne, ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Praise. Da tukunyar kalwa ta riƙe yarinyar har ta gama makarantar jinya, ta samu aiki a wani asibiti a Abuja. Ita kuwa Lydia iyakar tafiyarta Kaduna, sau huɗu, uku daga ciki biki ne.

Katanga ɗaya ta raba ta da Huraira, Bafillatana mai tallan nono, wadda ta dawo cikin gari da zama bayan shanunsu sun ƙare. Ni ne maƙwabcinsu ta baya. Tun suna da ƙarfinsu, ko kasuwar ƙauye ɗaya za ta, sai ta leƙa ta ce wa ɗayar, "Na tafi." In tafiyar kwana ce, sai an zauna an yi sallama sosai, an yafi juna, an bar amanar awaki.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, Praise ta zo da magana. Ta samu hutun sati biyu, tana so ta kai uwarta Mauritius, wata ƙasa da teku ya kewaye ta ko ta ina. Ta nuna mata hotuna a waya: farin yashi, ruwa shuɗi, duwatsu cike da itatuwa.

Lydia ta ce, "To me za mu je yi?"

"Hutawa, Mama."

"A nan ba a hutawa, sai an hau sama an sauka cikin ruwa?"

"Zama kawai za ki yi a bakin teku, a kawo miki abinci."

"Wa ya dafa?"

Duk da haka ta yarda, har ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo. Suka je Kaduna aka yi mata fasfo da allurar shawara, Praise ta wuce Abuja da takardun. Lydia ta dawo ta fara nata shirin. Ta ware zane uku da ɗankwalinsu, ta daka yaji, ta bugo waya tana tambaya ko akwai coci a can, ko za a bar ta ta shiga jirgi da daddawa.

Sharaɗi ɗaya Praise ta kafa: kada kowa ya san ranar tashi. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A shekarun da hanyar Kaduna ta yi zafi mun koyi tafiya shiru, da tsofaffin kaya, bayan an goge saƙonnin banki daga waya. Hanya ta yi sauƙi yanzu, amma halin bai bar mu ba. Wanda aka ji zai hau jirgi zuwa ƙasar waje, an san yadda mutanen daji za su ɗauke shi.

"Kowa da kowa, Mama," in ji Praise. "Har Inna Huraira."

Akwai dalili. Jaji, ɗan Huraira, ɗan acaba ne, yana yawan bin hanyar Kakangi. Wasu na cewa yana kai wa mutanen daji labarin wa ya samu, wa zai hau hanya. Ni ban ga komai da idona ba.

Abin ya tsaya wa Lydia a rai. Ta haura sittin, ga teku za ta ƙetare, ba ta san ko za ta dawo ba. In ta faɗa, ta sa kanta da 'yarta cikin haɗari. In kuma ta tafi shiru, Huraira za ta ji a bakin mutane, za ta kuma gane dalilin da aka ɓoye mata.

Wata safiya ina gyaran dangata, na ga Lydia ta shiga gidan Huraira da ƙwarya cike da daddawa. Muryoyinsu na zuwa har inda nake.

"Duk wannan? Ko rabon gado kika fara?" in ji Huraira.

"Ke za ki riga ni, tsohuwa. Hurera, tafiya zan yi. Praise za ta kai ni wata ƙasa a tsakiyar teku."

"Ke? Da ko rafi sai an riƙe miki hannu?"

Suka yi dariya. Lydia ta ce, "Za mu tashi ran..."

"Tsaya nan, Maman Praise. Kada ki faɗa min rana."

"Ai ke ce."

"Ni ce, kuma ina da kunne. Na san abin da ake faɗi a kan gidan nan. Abin da ban sani ba, ba zai suɓuce min a gaban kowa ba. In wani abu ya faru a hanya, Allah ya kiyaye, ki san ba daga nan ya fito ba. Zauna mu yi sallama yau."

Suka zauna. Kowacce ta nemi gafarar 'yar'uwarta. Lydia ta nuna mata akuyar da ke da ciki, ta ce a riƙa ɗaure ta dabam.

Da Praise ta ji a waya, ta fara faɗa. Lydia ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Na miƙa mata ranar, ita ta ƙi karɓa." Yarinyar ta yi shiru. Can ta tambaya wane lamba takalmin Inna yake.

Kwana tara aka yi bayan haka. A cikinsu Huraira ta riƙa fita talla da sassafe, ba ta dawowa sai azahar, abin da ba ta saba ba. Ran na goma Lydia ta ɗaura tsohon zane, ta ɗauki buhun leda kamar mai zuwa kasuwa, ta shiga motar Kaduna.

Da la'asar Praise ta bugo min, ta ce sun haɗu lafiya, in gaya wa Inna. Na zaga na same ta tana wanke ƙore. Ta ce madalla. Sai ta ɗago kai.

"Malam, ruwan nan da za ta, ana shan sa kuwa?"

Na ce ban sani ba, sai ta dawo mu tambaye ta.