Alhajin da aka rataye wa wa a Hangari

Shekarar da shagona na unguwar Kudai ya mutu, na koma turin keken tsofaffi a lokacin aikin Hajji, abin da muke kira arabiyya a nan Makka. Na riga na manyanta a lokacin, gwiwoyina ma sun fara ƙorafi, amma iyali sai sun ci.

A Mina aka haɗa ni da wani tsoho Bature, dogo, ramamme, tare da 'yarsa. Ɗan ƙasar Hangari ne. Ya yi shekaru yana gyaran injina a Sham, can ya musulunta, ya yi aure, don haka Larabci muke yi da shi. Ni ban taɓa jin sunan ƙasar ba sai a bakinsa.

Ranar jifa ta farko na tura shi har kusa da jamra. Jama'a na kabbara, tsakuwa na zuba kamar ruwa, wani ma don zafin rai har silifa ya wurga. Tsohon ya ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Tsakuwar ta zube a cinyarsa.

"Ya ammi, lafiya?" na ce.

"Fitar da ni daga nan," ya ce. "Ka jefa mini."

Na jefa masa, muka koma tanti. Bayan azahar 'yar ta tafi neman ƙanƙara, ya sa na zauna kusa da shi. Ya ce hayaniyar nan ce ta mai da shi gida.

Yana ɗan saurayi, in ji shi, 'yan gurguzu ke mulkinsu, sojan Rasha na tsaye bayansu. Mutum ba ya iya faɗin abin da ke ransa ko a gaban maƙwabci. A babban filin birninsu an kafa mutum-mutumin tagulla na shugaban Rasha, wanda ya riga ya mutu amma tsoronsa bai mutu ba. Wata rana ɗalibai suka fito, ma'aikata suka biyo su, gari ya cika. Aka ɗaura wa gunkin igiyoyin ƙarfe a wuya, manyan motoci suka ja, igiyoyin suka tsinke. Sai masu walda suka zo da wutarsu suka yanke shi a gwiwa. Wansa na cikinsu.

"Da ya faɗi, takalmansa kaɗai suka rage a kan dakalin," ya ce. "Mahaifiyata ma ta yi dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta haka ba."

Murnar ba ta daɗe ba. Tankokin yaƙi suka shigo da yawa, suka yi ta luguden wuta a kan gidaje. Ya ga abokin karatunsa kwance a bakin titi an barbaɗa masa farar ƙasa saboda wari. Uwarsa ta tura shi ya bi masu gudu ya ƙetare iyaka a ƙafa. Wan ya ƙi tafiya, don matarsa na da tsohon ciki.

Ashe wani ɗan jarida ya ɗauki hoton wan yana tsaye a kan kan gunkin da guduma, yana dariya. Da wannan hoton aka gane shi. Aka rataye shi, aka binne shi rub-da-ciki a wani lungun maƙabarta ba alama. Uwar ta rasu ba ta san inda yake ba.

Sai ya kama hannuna.

"Kai ɗan garin nan ne, ya waladi. Wana bai yi salla ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya taɓa kai masa labarin Musulunci. Jiya a Arfa na buɗe baki zan roƙa masa, na kasa. Ya halatta?"

Na san abin da na ji malamai na faɗa, amma ba shi na gaya masa ba. Na ce masa ni ba malami ba ne, Allah ne Ya san bayinsa, kuma ba Ya zalunci.

"Na sani," ya ce. Ya juya fuska ga jikin tantin.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, motar asibiti ta ɗauke shi tare da 'yar. Aka ba ni wata tsohuwa na ci gaba da turi. Bayan kammala aikin na je masaukinsu, aka ce ayarinsu ya wuce Madina, ba wanda ya iya gaya mini ko da shi aka tafi.

Da na ba mahaifiyata labarin a gida, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, lokacin da suke tahowa Makka daga gida, ƙanenta ma a kan hanyar Chadi zuwa Sudan sojoji suka sauke shi daga mota, suka ce sauran su wuce. Ba ta taɓa gaya mini tana da ƙane ba. Na tambaye ta sunansa, ta ce in miƙo mata faranti.