Murhun Hasiya

Hasiya ita ce ta biyu cikin 'ya'yana huɗu, kuma ita kaɗai ta zo da ciwon sikila. A unguwar Dutse Uku aka haife ta, cikin watan Disamba. Tun tana ƙarama sanyi ne abokin gabarta. In ya shiga ƙashinta sai mun kwana uku ko huɗu a asibiti. Shi ya sa mahaifiyarta ke ɗora mata ruwan wanka kowace asuba, rani da damina.

Sunana Datti. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandare kafin na yi ritaya. Na ambaci wannan ne domin yana da nasa wuri a labarin.

Da ta shiga jami'a sai ta nace za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. An hana amfani da hitar dafa ruwa a can, kuma da dalili, don an ce tana iya jawo gobara. Ɗalibai kan yi wanka da ruwan famfo ƙarfe shida na safe, ko su haƙura da wankan. Abokiyar ɗakinta, Zipora Gyang, ita ke dafa mata ruwa a risho. Wata rana Hasiya ta ce mini, "Baba, ni ina da Zipora. Sauran fa?" Ashe ta bi ɗaki-ɗaki ta gano masu sikila goma sha ɗaya a gininsu kaɗai, ban da masu asma.

Tana aji uku ta ce za ta tsaya takarar daraktar walwala a ƙungiyar ɗalibai. Na ƙi. Na ce yawon kamfe ba na mai jikinta ba ne.

"Baba, ko a ɗaki na zauna, ciwon ya san lambar ɗakin," in ji ta.

Ban sake hana ta ba, ita kuma ta ɗauki hakan a matsayin izini.

Abokin takararta, Natana'el, yaro ne mai baki da farin jini. Hotunansa sun cika bango tun daga ƙofar jami'a har bakin Titin Bauchi. Ya yi alkawarin sababbin motoci, da intanet kyauta, da gasar ƙwallo. Hasiya alkawari ɗaya ta yi: ruwan zafi kowace safiya, ga maza da mata. Ɗalibai suka ce daga ina? Gas ya yi tsada, icce ya yi tsada.

Amsar tana unguwar Ali Kazaure, a gidan kakarta, Inna Hussaina, wadda ta shekara arba'in tana girki da garin katako. Ana samun babban gwangwani a huda gefensa daga ƙasa. A tsayar da taɓarya a tsakiya, a zura wani icce ta hudar, a danna garin katako kewaye da su har ya cika. Sai a zare taɓaryar da iccen, a sa wuta a ramin da suka bari. Yana ci a hankali na sa'o'i. Garin kuwa, masu yankan katako nema suke a kwashe musu shi.

Ana gobe ranar da 'yan takara za su bayyana manufofinsu gaban ɗalibai, ta zo gida da buhu biyu na garin katako. Na sa hannu na ji da laima. Na ce, "Abu mai laima ba ya ci da kyau, ɗan aji ɗaya ma ya san wannan." Na baje shi a tsakar gida, na wuni ina juyawa har ya bushe ƙarau. Ta dube ni, ta dubi garin, ta ce, "To, Baba."

Washegari na je, na tsaya can baya. A fili aka yi taron, kowane ɗan takara minti biyar. Da aka kira ta, ita da Zipora suka gangaro da rabin duro da murhun da suka riga suka danna. Ba ta yi jawabi ba. Ta kama taɓaryar ta zare.

Ramin ya rufta. Garin ya zube ciki kamar yashi, hanyar iska ta toshe.

Dariya ta tashi. Wani ya yi ihu, "Mai kunu! Ina ƙosan?" Wani ya ce, "Anti, a ba mu kamu biyu, da yaji!"

Zipora ta juya ta riƙe ƙugu. "Oga, kai da ke ihu, yau kwana nawa rabonka da wanka? Tun daga nan nake ji!"

Ni kuwa a nan na gane abin da na yi. Laimar nan ita ke riƙe garin ya tsaya. Ni na kore ta da hannuna.

Hasiya ba ta ɗago kai ba. Ta juye garin a kan buhu, ta ɗebo ruwa da tafin hannu ta yayyafa, tana murzawa kamar mai haɗa dambu. Ta mayar da taɓaryar, ta danna da duddugenta, ta zare a hankali. Ramin ya tsaya. Tana ƙyasta ashana ana kaɗa mata ƙararrawa.

Suka ɗora duron a kan murhun, suka cika shi da ruwa. Ta karɓi makirufo ta ce, "Lokacina ya ƙare. Ku saurari sauran. In sun gama, duk mai shakka ya zo ya sa hannu."

Kusan awa ɗaya aka yi ana jawabai, amma rabin idanun suna kan duron. Natana'el ne na ƙarshe. Yana tsakiyar maganar motocinsa tururi ya fara tashi. Ya tsaya, ya sauko, ya tsoma yatsa, ya fizge da sauri.

"Kai! Yarinyar nan za ta dafa ni tun ba a yi zaɓe ba!"

Hasiya ta ci zaɓen da ratar ƙuri'a sittin da uku.

Da ta zo gida na tambaye ta ko ta san zai rufta. Ta ce ta sani, ai Inna kullum sai ta yayyafa masa ruwa.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Baba, na ga kana ta juyawa kana murna. Na ce da safe zan yayyafa, sai ruɗun taro ya mantar da ni."

Wata biyu ta yi tana bin ofis-ofis kafin a ba ta izini da wuri nesa da gini. Aka kafa duro huɗu a ɓangaren mata, biyu a na maza. Kowace Asabar akori-kura ke kawo gari. Ta tsara jadawali, kowane ɗaki da ranarsa ta hura wuta. Natana'el da kansa ya karɓi ɓangaren maza.

Hasiya ta rasu ranar wata Talata cikin watan Agusta, saura wata biyu ta rubuta jarrabawar ƙarshe. Ciwon ya kama ta a ƙirji. Shekararta ashirin da uku. Allah ya jiƙanta.

Bayan haka ban iya tambayar kowa labarin murhun ba. Tsorona kada a ce wutar ta mutu tare da ita. Shekara biyu da rasuwarta, cikin Disamba, Zipora ta zo gaishe mu, ta ce, "Baba, gobe da sassafe ka shirya, zan kai ka wani wuri."

Mun isa ƙarfe shida da kwata. Durorin mata sun zama bakwai, ga bokitai a jere. Wata ɗaliba da ban sani ba tana durƙushe, tana yayyafa wa gari ruwa don murhun gobe. Na ce, "'Yata, me ya sa kike jiƙa shi?"

"Haka ake yi, Baba. In ya bushe ruftawa yake."

"Wa ya koya miki?"

"Oho. Haka muka tarar."

Zipora ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Na matsa kusa da duro na farko na tsoma yatsa. Ruwan da zafi sosai.