Neman Irin Kifin Malam Garba

Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa, ɗiyata Hadiza tana rubutawa, don dangi su ji abin da ya fitar da ni gida da tsufana.

Mijina Malam Garba ya rasu bara. Ya bar mana kwamin kifi biyu a bayan gidanmu a Ruwan Gizo, irin ramin nan na siminti, cike da tarwaɗa. Tun bayansa kifin ya ƙi girma. Suna cin abinci, amma sai kai babba, jiki kamar sanda. Ɗana Sani ya ce in an kwashe wannan zubi zai cike ramukan ya ɗaure tumaki a wurin. Na roƙe shi ya ba ni kwana uku.

Laraba: Mafara zuwa Bakura

Mun yi sallar asuba, ƙarfe shida saura kwata muka hau babura biyu, ni da Hadiza. Na riƙe bokiti da kifi huɗu a ciki. Bakwai da rabi muna tashar Talata Mafara, inda muka karya da koko da ƙosai muna jiran mota ta cika. Direba ya leƙa bokitin ya ce, "Inna, waɗanga ai ko miya ba su yi." Na ce masa shi ya sa za su asibiti.

Shingen sojoji biyu muka wuce. Goma da minti ashirin muka sauka Bakura, wajen wata malama da ta karanci kiwon kifi, tana ƙyanƙyashe 'ya'yansa a gidanta. Bayan mun gaisa ta yanka ɗaya, ta ɓare tsokar ta nuna mini. Ta ce naman kifi zare-zare ne siriri, kuma girma iri biyu ne: zaren ya yawaita, ko ya yi kauri. A cikin jiki akwai abin da ido ba ya gani mai ba tsoka umarnin ƙaruwa, akwai kuma wani mai tsayar da ita. Yunwa tun suna ƙanana, da cunkoso, da ruwa marar kyau, duk suna ƙarfafa mai tsayarwar. Sauran kuma gado ne daga iyaye.

Sai ta tambaye ni ina iyayen waɗannan. Nan hawaye suka zo mini. Malam yana da wasu manya goma sha biyu da ya keɓe, shekara da shekaru yana zaɓen masu saurin girma. Ranar sadakar bakwai gida ya cika da masu gaisuwa, ni da bakina na ce a kamo manyan a dafa, don kada a ce an yi wa Malam sadaka da ƙananan kifi. Da ragowar marasa girma Sani ya yi ƙyanƙyasa.

Malamar ta ce, "Baba, ko ya taɓa ba wani daga cikin irin?"

Na tuna da amininsa Malam Isa na Maradun. A gidan ƙanwata da ke nan Bakura muka kwana, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, ban ci da yawa ba.

Alhamis: Bakura zuwa Maradun

Ƙarfe bakwai muka koma Mafara, muka canja mota. An ce kada mu bari la'asar ta same mu a hanya, kowa ya san dalili. A wani shinge aka sauke maza aka duba kaya, mu mata aka bar mu zaune. Sha biyu da rabi muka isa.

Malam Isa ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Muka yi gaisuwa doguwa, ya sake yi mini ta'aziyya, na sake yin kuka. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya sunkuyar da kai.

"Na ci kihin nan ranar," in ji shi. "Tun a akushi na gane su. Amma kina cikin takaba, mi zan ce miki?"

Ya kai mu bayan gida. Cikin irin da Malam Garba ya ba shi saura uku, mata biyu da namiji ɗaya, kowanne ya kai tsawon hannuna. Ya tuna mini cewa namijin tarwaɗa sai an yanka shi ake samun abin haɗa ƙwai, don haka dama ɗaya ce, in ta lalace shi ke nan. Na ce to ya riƙe abinsa, ba zan raba shi da su ba. Ya ce idonsa ba ya ganin allurar da ake yi wa matan don su saki ƙwai, a wurinsa tsufa kawai za su yi. Matarsa ta ba mu fura da nono, muka kwana.

Juma'a: komawa gida

Malam Isa ya yanke bakin jarka babba, ya zuba ruwa rabi, ya saka kifin uku, ya rufe da buhu. Ƙarfe shida da rabi muka tashi. Duk ramin da mota ta faɗa sai na sa hannu na taɓa su. A Mafara muka sake musu ruwa. Sha ɗaya daidai muna ƙofar gida, duka ukun da rai.

Sani ya ɗaga buhun ya daɗe yana kallo. Na faɗa masa malama ba ta yi alkawari ba, ta ce iri kaɗai ba ya isa, sai an rage cunkoso an ciyar da 'ya'yan tun ranar farko. Na kuma faɗa masa laifin nawa ne, ba hannunsa ba ne ya ɓata kifin. Ban san shekara guda yana ɗauke da wannan a ransa ba, sai da na ga ya juya baya yana goge ido.

Bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki tsintsiya ya shiga wanke kwami.

Na gode wa malamar Bakura, da ƙanwata, da Malam Isa da iyalinsa, da direbobin da suka haƙura da ruwan da ya jiƙa musu mota. Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya haskaka kabarinsa.