Tarin Motar Baba a Hanyar Damagaram Takaya

Fita daga Birni

Ƙarfe bakwai saura kwata motar ta fara tari. Mun bar gida bayan sallar asuba, mu uku: Baffa Isufu, ƙanin mahaifina, yana tuƙi, Inna a baya, ni a gaba riƙe da kwanon fura. Ranar ce Inna ta fara fita tun rasuwar Baba. Ta gama takaba, za mu kai ta gaida danginsa a Damagaram Takaya.

Motar ta girme ni. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya daɗe yana son ta, ya kwance ya sayar da kayanta. Baffa ya riga ya faɗa: in ta kai mu ta dawo, a bar wa Inna, in ta gaza, a sallama.

Shingen jandarma

Muna tsayawa a shinge ta ɗauki rawa, baƙin hayaƙi na fita ta baya. Jandarman ya miƙo takardunmu yana toshe hanci.

"Alhaji, mota ce ko murhu?"

Baffa ya yi dariya. Inna ba ta yi ba.

Cikin gonaki

Da kwalta ta ƙare, sai ƙarfinta ya ƙare. An gama girbin gero, gonaki fayau. A kowane ɗan tudu sai ta shaƙe, ta yi fizge-fizge, ta mutu. Sau biyu manoma suka ajiye dami suka tura mu. Wani ya ce man bakin hanya muka sha, wani ya ce batir ne. Baffa ya ce, "Tsufa ne kawai. Yaya, kin dai gani da idonki." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na so in tambayi wani abu, kunya ta hana ni. Furar ma ba wanda ya taɓa.

Damagaram Takaya

Da azahar muka shigo, amalanken shanu yana jan mu. Aka nuna mana rumfar Malam Bukar makanike. Ya buɗe gaban motar, ya kwance buji, wato ƙarfen da ke ba inji tartsatsi, guda huɗu, ya jera su a kan tsumma. Dukansu baƙi ƙirin.

Baffa ya ce, "To, inji ya gama."

"Ka bari tukuna." Malam Bukar ya murza kan ɗaya da yatsa, ya shinshina, ya miƙo mini. "Taɓa, 'yata. Da danshi?"

Na taɓa. Busasshe ne, kamar baƙin gindin tukunya.

"Da man inji ne ya jiƙa shi, da na ce ku yi mata addu'a. Wannan hayaƙi ne. Wa ke tada ta ya bar ta tsaye?"

Sai Inna ta yi magana daga cikin motar, a hankali, tana nuna ni. "Ni nake sa Mariyama. Kullum da safe, lokacin da marigayin ya saba fita. Ta ja abin nan da ke ƙara mata fetur in da sanyi, ta bar ta tana ƙara, har in gama lazimi."

Wata huɗu ke nan. Baffa ya juya mana baya, ya daɗe yana kallon hanya.

Malam Bukar ya kankare bujin, ya wanke da fetur, ya mayar. Ta tashi da murɗa ɗaya. Na tattara ƙarfin halina na yi tambayar da ke cina tun safe: za a iya ci gaba da tada wa Inna ita?

Ya goge hannunsa, ya dubi inda Inna take, ya rage murya.

"Lafiyarta ƙalau, ba ta sayarwa ba ce. Amma mota ba ta zaman takaba, 'yata. In kun tada ta, ku tafi da ita wani wuri. In ba inda za ku, ku bar gidan ya yi shirunsa."