Fegin da Muka Kafa a Gefen Dawa

Ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da soja suka koma bariki ba, lokacin da ni da abokin aikina, malamin kimiyya, muka shirya kwana a daji don kallon taurari. Ya samo madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ya ce hasken garin Katsina ya yi yawa, sai mun fita inda ke da duhu. Matata ta yi dariya, wai wutar da ba a kawowa muke gudu.

Ana gama damina muka ari motar ma'aikata mai lambar gwamnati, muka fita duba wuri. Muka samu fili a gefen wata gonar dawa, muka kafa madubin, muka auna inda tanti zai zauna, muka buga fegi huɗu. Wani dattijo na tsaye daga nesa yana kallonmu. Na ɗaga masa hannu na ce ranar Asabar za mu dawo da kaya. Iyakar abin da na gaya masa ke nan, ina jin kaina wayayye.

Washegari baƙi suka fara sallama a gidana a Ƙofar Guga. Wani ya kawo zabi biyu, ya ce a duba marayu. Wani ya ce shi kansila ne, an yi zaɓe yanzu, ba a yin irin wannan sai da saninsa. Na ce wane irin? Ya ce ai na sani. Na yi ta maganar taurari, suna gyaɗa kai suna cewa Allah Ya ƙara girma. Kaina ya ɗaure tamau, har na fara zargin ko abokina ya yi wani abu a bayana.

Ranar Asabar muka isa, na kasa gane wurin. An yanke dawar nan kaf, ɗanya, ko ƙosawa ba ta yi ba. Dattijon na zaune kusa da tarin. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ina katafilar? Na kwashe abin da na iya."

Sai a lokacin na gane. Motar gwamnati, ƙarfe mai ƙafa uku irin na safiyo masu auna filaye, ga fegi. Ashe haka aka taɓa karɓe gonar ƙaninsa zamanin soja, ba wanda ya yi masa bayani.

Na yi masa bayani cewa taurari kawai muka zo kallo. Ya ce, "Da kun hwaɗi mani, da na shimfiɗa maku tabarma ƙohwar gidana. Can ma akwai su."

Ba mu kafa tanti ba. Mun kai masa hatsi daga baya, ya karɓa don kada mu ji kunya, amma noman shekara ya riga ya tafi. Tun daga ranar na koyi cewa kafin ka taka ƙasar mutum, ka zauna ka gaya masa abin da ya kawo ka, domin abin da ka ɗauka wasa, a wurin wani abincin iyalinsa ne.